Minti Biyun Farko: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ɗaukar Mabuɗin Fim Ɗin Zullumi a Zariya

Akwai wani aiki da malaman fim da na aikin jarida ke yawan ba ɗalibansu: a je a ɗauko mabuɗin fim, minti biyu ko uku kacal, irin fim ɗin nan na zullumi da ke hana mai kallo tashi ko da an kira shi cin abinci. Ba a ce a ƙarasa labarin ba. Abin da ake so shi ne idan hoton ya ɗauke, wanda ya kalla ya ce, "To daga nan fa?" A ido aikin ƙarami ne, amma babu reshen sana'ar da bai taɓo ba: rubutu, zaɓen wuri, haske, sauti, tacewa, har da iya zama da jama'a. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, da matasan Samaru da Sabon Gari masu waya a hannu da son fim a zuci, da ku nake.

Inda masu farawa suka fi yin tuntuɓe shi ne ba sa raba zullumi da razana. Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ya yi Psycho a 1960, ya fayyace bambancin a hirarsa da François Truffaut na Faransa a 1962. Mutum biyu na zaune suna hira, sai bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu. Mai kallo zai razana, amma na 'yan daƙiƙoƙi ne, shi ke nan ya wuce. To a sake ɗaukar fitowar, amma a fara nuna wa mai kallo lokacin da aka ajiye bam ɗin, a kuma nuna masa agogo a bango. Hirar tana nan yadda take, ba a ƙara mata ko kalma ba, sai dai yanzu kowace kalma cin ran mai kallo take yi, domin ya san abin da mutanen nan ba su sani ba. Da irin wannan Orson Welles ya buɗe Touch of Evil a 1958: an ga hannu ya cusa bam a but ɗin mota, kyamara ta bi motar cikin gari fiye da minti uku ba tare da an yanke hoton ba.

Wannan dabara ita ce jarin ɗalibi, don ba ta cin ko kwabo. Ka sanar da mai kallo wani abu, ka bar jaruminka cikin duhu.

Ga misali daga ƙofar gida. Shagon mai cajin waya a bakin titin Samaru, bayan la'asar. Wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar lamba manne a bayanta. Kyamara ta matso kan guda ɗaya, fuskarta ta yi haske, saƙo ya shigo: "Ka zo da ita tashar jirgi ƙarfe shida. Kai kaɗai." Mai shago bai gani ba, yana ba wani canji. Wani ɗalibi ya iso a gaggauce, ya miƙa lambarsa, mai shago ya ɗauko waya ya ba shi. Irin tasa ce sak, amma mu mun ga ba tasa ba ce. Ya jefa ta aljihu, ya tare Keke Napep mai zuwa unguwar PZ. A tsallaken titi wani mutum da ke zaune a kan babur ya jefar da asuwakin da ke bakinsa, ya tayar da mashin. Sai sunan fim ya fito. Babu jini, babu wuƙa, maganar ba ta fi jimla uku ba. Amma an bar mai kallo da tambayoyi: wayar wa ce, mece ce "ita", mai babur ɗin nan kuma wane ne?

Kafin a taɓa kyamara, a zauna da takarda. Masu sana'ar suna lissafa shafi ɗaya na rubutun fim a kan kusan minti ɗaya a allo, saboda haka shafi biyu zuwa uku ne iyakarku. Daga nan a farfasa rubutun hoto-hoto, kowanne a layinsa: me kyamara ke gani, daga nesa ne ko daga kusa, wa ke ciki, me ake ji. In da hali a zana su. Wanda ke Samaru ba shi da uzurin rashin mai zane, garin da ƙungiyar masu zane ta Zaria Art Society ta tashi tun 1958, sashen zane-zane na jami'ar kuma yana nan cike da ɗalibai. Ko 'yan sanduna aka zana a madadin mutane sun wadatar. Amfanin wannan wahala shi ne a nan ake gano hoton da fim ɗin ya dogara a kansa. A misalin can, fuskar wayar ce. Idan saƙon bai karantu ba, ko aka yanke shi kafin mai kallo ya gama karantawa, duk sauran aikin ya tashi a banza. A bar shi a allo gwargwadon yadda mutum zai karanta shi sau biyu ba tare da gaggawa ba.

Wuri kuwa, Zariya ba ta rage ku da komai ba. Sabon Gari ya taso ne a gefen layin dogon da ya ratsa zuwa Kano a 1911, har yau kuma akwai tsofaffin gine-ginen reluwe da na kamfanonin ciniki na zamanin Turawa. Unguwar PZ ma daga kamfanin Paterson Zochonis ta samo sunanta. Ga layukan kasuwar Sabon Gari masu ƙunci, inda mutum kan ɓace wa mai bin sa cikin taku biyar. Ga ƙarƙashin gadar Kwangila, ga lungunan Hayin Dogo. Sai dai kada a zaɓi wuri daga tunani. A je a tsaya a wurin daidai lokacin da za a yi ɗaukar, domin lungun da yake fayau da hantsi yana iya cika da 'yan makarantar Islamiyya da yamma.

Idan an je, a rufe ido a saurara. A nan nake so ku daɗe, domin sauti ne ke kashe yawancin finafinan ɗalibai. Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan dishi-dishi, amma ba ya yafe maganar da ba ya ji. Zariya kuma gari ne mai amo. Tsakanin Samaru da Sabon Gari akwai Kwalejin Horar da Matuƙa Jiragen Sama da aka kafa a 1964, ƙananan jiragenta na atisaye suna shawagi da rana. Tireloli na bin titin Sakkwato ba dare ba rana. Da an ɗauke wuta janareto zai tashi a shagon maƙwabci, ga injin niƙa, ga lasifikar mai tallan magani. Lokacin kiran salla kuwa a tsaya da ɗauka, a je a yi salla, a dawo. Ladabi ne, kuma ko ba don haka ba, hoton da aka ɗauka da kiran salla a bayansa ba zai haɗu da wanda aka ɗauka babu shi ba.

Maganin ba mai tsada ba ne. A sami waya ta biyu ta zama ta ɗaukar murya kaɗai, a saka ta a aljihun gaban rigar ɗan wasa ko a ɓoye ta kusa da shi. Kafin kowace ɗauka wani ya tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara, wannan tafi shi ne alamar da mai tacewa zai daidaita murya da hoto da ita. In an gama, kowa ya yi shiru a ɗauki amon wurin na minti guda, don cike giɓi wurin tacewa. Sannan a ɗauki ƙananan sautuka daban: ƙarar shigowar saƙo, takun takalmi, tashin babur. A fim ɗin zullumi waɗannan sun fi kiɗa aiki. Kiɗan ma, kada a ciro na wani fim a liƙa. Akwai dokar haƙƙin mallaka, YouTube kuma yana gane kiɗan da ba naka ba. Ku nemi abokinku mai haɗa kiɗa a kwamfuta ya yi muku 'yar gajeruwa taku.

Batun haske, kowa yakan so ya ɗauki irin wannan fim da dare. Ban ba ku shawarar haka ba. Kyamarar waya ba ta da ƙarfi a duhu, hoton sai ya cika da ƙura-ƙura. Tsakanin la'asar sakaliya da magariba ne rana ke kwantawa, inuwa ta yi tsawo, fuska ta fito da kyau, amma lokacin gajere ne, shi ya sa jerin hotunan nan na takarda ke da muhimmanci. Hazon hunturu kyauta ne ga mai fim ɗin zullumi, yana lulluɓe nesa ya sa gari ya yi wani iri. Damina kuwa, musamman watan Agusta, hadari na iya canza hasken tsakanin ɗauka biyu. In ɗaki za a shiga, a saita kyamara a kan hoto 25 cikin daƙiƙa, domin wutar lantarkin Najeriya a kan zagaye 50 take tafiya, saɓanin haka kan sa a ga fitila tana ƙyafta ido a hoton. A kwantar da wayar, a kulle haske da saitin gani don kada ta riƙa sauyawa da kanta. Kuma idan ɗalibin can ya nufi dama a hoton farko, mai babur ma ya nufi dama. In aka tsallaka titi aka ɗauke shi daga ɗaya ɓangaren, mai kallo zai ga kamar sun rabu hanya.

Kada ƙarancin kayan aiki ya karya muku gwiwa. Da iPhone Sean Baker ya ɗauki Tangerine a 2015 a Amurka. Nan kusa da mu a Kaduna, matasan The Critics sun ja hankalin duniya a 2019 da finafinan da suka haɗa da wayar hannu. Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa a 1990, da kyamarar kaset aka yi shi, wadda wayar aljihunku ta fi ta nesa ba kusa ba. Manhajar CapCut ko DaVinci Resolve ta isa tacewa. Abin da ya rage shi ne a kwafe hotunan wuri biyu a daren da aka ɗauke su, sannan in an gama a nuna wa wanda bai san labarin ba, a tambaye shi me ya fahimta, kada a yi masa bayani.

Saura magana mafi nauyi. Fim ɗin zullumi yana kwaikwayon laifi ne, mai wucewa kuma bai san kwaikwayo ake yi ba. Yaro ya ruga a guje cikin kasuwa wani na bin sa, mutum ɗaya ya ce "ɓarawo", kafin darakta ya buɗe baki an yi aika-aika. Mutanen Sabon Gari ba su manta da bam ɗin da ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukumarsu a watan Yulin 2015 ba, saboda haka misalin Hitchcock a bar shi a aji, kada wani ya ajiye jaka mai wayoyin wuta a bainar jama'a da sunan fim. Kada a riƙe bindigar roba a titi, kada a saka kakin ɗan sanda ko na soja. Kada a ɗaga kyamara kusa da barikin soja na Depot ko na Basawa. Tashar jirgi ta Hukumar Jiragen Ƙasa ce, sai da izininta. Cikin jami'a kuma akwai ofishin tsaro da ya kamata ya sani.

Jami'ar nan tana da tsohuwar al'ada a kan wannan. Tun tsakiyar shekarun 1970, zamanin da Michael Etherton ke koyar da wasan kwaikwayo aka kuma gina dandalin nan na ginin ƙasa da ake kira Drama Village, wanda Steven Ehrlich ya zana bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗalibai ke shiga unguwannin Samaru su zauna da mutane, su ji damuwarsu, kafin su shirya wasa su kawo musu. Da sallama suke shiga. Mai kyamara ma haka ya kamata ya yi, ya ma fi su buƙata, tunda shi fuskokin mutane yake ɗauka ya tafi da su. Mace ko yaro ko dattijon da ya ce kada a ɗauke shi, a sauke kyamara, babu gardama.

Don haka idan kun tsayar da ranar ɗauka, ku karɓi takarda daga sashenku, ku kai wa mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa, in kasuwa ce ku ga shugabanninta. Ku gaya wa masu shagunan wurin abin da za su gani da lokacin da za ku gama, ku ajiye mutum biyu da aikinsu kawai yi wa masu wucewa bayani. Kowa a cikinku ya riƙe kwafin takardar a aljihunsa har a tashi.