Motar Turbo Mai Fizga da Cijewa: Ina Ya Kamata a Fara Bincike?

Daga cikin mas'alolin da suke wahalar da ma'abota mota a wannan zamani, musamman waɗanda ba su gamsu da ƙarfin da kamfani ya ba inji ba har sai sun sa an sauya lissafin kwamfutarsa, akwai wata illa da takan bayyana bayan an gama aikin: direba ya taka totur, mota ta fizga da ƙarfi, kafin ya kai ga canza giya ta cije, sa'an nan ta sake fizga, alhali ƙafarsa ba ta motsa ba. Galibin mutane sukan ɗora laifin a kan wanda ya taɓa kwamfutar, amma a ganina wannan hukunci ne da aka yanke kafin a saurari shaidu, domin sau da yawa sabon lissafi bai haifar da cutar ba, tona asirinta kawai ya yi.

Shi turbo, wanda injiniyan nan na ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a shekarar 1905, hikimarsa ita ce hayaƙin da inji ke fitarwa ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke kan sanda ɗaya da ita, wadda ke danna iska cikin inji tamkar zugazugin maƙeri. Farfelar takan juya fiye da sau 150,000 a minti ɗaya. Ɗan jinkirin da ake ji kafin hayaƙi ya tayar da ita ɗabi'ar turbo ce, ba cuta ba ce. Abin da ke buƙatar bincike shi ne ƙarfin da ke hawa da sauka bayan ta riga ta tashi.

Farkon abin tuhuma, kuma wanda na fi so mai karatu ya riƙe, shi ne yoyon iska. Tsakanin turbo da inji akwai tiyo-tiyo na roba da intakula mai sanyaya iska, kuma a motocin nan 'yan Kwatano da suka sha shekaru kafin su iso gare mu, robar ta riga ta bushe, ta yadda wata 'yar tsaga da ido ba ya gani, wadda ke rufe muddin mota tana tsaye tana aiki a hankali, takan buɗe baki da zarar matsin iska ya ƙaru. A motocin da ke da sensa mai auna iska a mashiga, kwamfuta ta riga ta ƙidaya iskar nan da ta tsere, ta zuba fetur daidai da ita, sai mai ya rinjayi iska, ƙarfi ya faɗi, wani lokaci har baƙin hayaƙi ya fito. Bakanike mai basira yakan toshe hanyar, ya hura iska ko hayaƙi a ciki, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ta taso nan ne ɓarnar take. Wannan gwaji ba shi da tsada, amma abin takaici shi aka fi tsallakewa.

Idan hanyar iska ta kuɓuta, sai a duba ƙofar da ke karkatar da hayaƙi daga farfela domin kada matsi ya wuce haddi. A nan ne kam lissafi kan iya zama mai laifi, domin idan an umarci ƙofar ta daɗe a rufe fiye da kima, matsi ya zarce abin da aka nema, kwamfuta ta yanke shi, ya faɗi ƙasa, ta sake ɗaga shi, haka za a yi ta yi. Fulogi ma yana da nasa rabon, saboda tartsatsi yana shan wuya wajen tsallakawa cikin iskar da aka matse, shi ya sa masu sana'ar sukan rage tazarar bakinsa zuwa wajen milimita 0.7, su kuma sauya kwayil da ya gaji.

Sai mas'alar da ta fi shafar ƙasarmu. Lissafin da ake sayowa daga Turai an gina shi ne bisa fetur mai daraja 95 ko 98 da kuma iska mai sanyi, alhali a Sakkwato ko Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, tana dusashe sensa. Idan iska ta yi zafi ko fetur ya gaza, mai yakan fashe kafin lokacinsa, sensa ta ji ƙwanƙwasar, kwamfuta ta jinkirta tartsatsi don ta ceci fistin, direba kuwa ya ji ƙarfi ya janye. Motar da ke tafiya lafiya da asuba, ta cije da azahar, ta riga ta ba da hujja a kan kanta.

Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke da kafar OBD-II da ake karanta lambobin matsala ta cikinta, ƙasashe da dama kuma suka bi, saboda haka babu dalilin aiki da zato alhali yaƙini yana kusa. Lamba P0299 tana nuna ƙarancin matsi, P0234 yawansa, P0300 kuwa ɗaukewar wuta. Ya kamata a ja mota a giya ta uku a kan na'urar gwaji, a kwatanta matsin da kwamfuta ta nema da wanda ta samu, a sauya abu ɗaya tak kafin kowane gwaji, idan kuma shakka ta rage a mayar da lissafin kamfani a ga ko illar za ta tafi. Mai motar da ke fizga, ka daina take totur har ƙasa sai an auna famfon mai, domin idan fetur ne ke gazawa a ƙarƙashin matsi, fistin yana iya narkewa cikin 'yan daƙiƙu.