Noman Ruwa A Gida: Yadda Za Ka Zaɓi Na'urar Tace Ruwa Ta RO Ba Tare Da Asarar Kuɗi Ba

Duk mai yawan duba YouTube ko TikTok ya sha cin karo da bidiyon masu noman latas, tumatir, kokwamba da na'a-na'a a cikin bututun roba ko bokiti, babu ƙasa ko kaɗan. Shi ake kira haidrofonik, mu kuwa bari mu ce masa noman ruwa. A yawancin bidiyoyin za ka ji ana cewa sai ka sayi na'urar RO kafin ka fara. Gaskiyar magana, ba kowa ke buƙatarta ba, kuma mai buƙatar ma yana iya sayen wadda ba za ta yi aiki a gidansa ba. Yau za mu duba yadda za ka gane ko kana buƙatarta, da abin da za ka lura da shi kafin ka biya kuɗi.

Me ya sa ake damuwa da ruwan?

A gona, ƙasa ce ke rufa wa manomi asiri. In ruwa ya zo da gishiri, ƙasa ta riƙe wani, damina ta wanke wani. A noman ruwa babu wannan gatan. Saiwa tana zaune ne tsundum cikin ruwan da ka zuba, abin da ke ciki shi za ta sha.

Ruwan rijiya, na bohol da na famfo duk suna ɗauke da narkakkun ma'adanai da ido ba ya gani. Kalsiyam da magnesiyam shuka na son su. Sodiyam kuwa ba ta cinsa sosai, don haka duk lokacin da ruwa ya ragu ka ƙara wani, taruwa yake yi a tanki har ya fara ƙona bakin ganye. Akwai kuma baikabonet, wanda ke ɗaga pH na ruwa. Yawancin kayan lambu sun fi son pH tsakanin 5.5 da 6.5. In ya haura 7, saiwa kan kasa jan sinadarin ƙarfe ko da yana cikin ruwan, sai ka ga sabbin ganye sun koma rawaya. Ka ƙara taki, ba canji, domin matsalar daga ruwan take.

Fara da awo kafin saye

Ba ka sayen memori sai ka duba sauran wurin da ke wayarka. Haka nan ma. Abin da za ka fara saya shi ne mitar TDS, 'yar na'ura mai kama da alƙalami wadda kuɗinta bai kai ko kusa da na RO ba. Ka tsoma bakinta cikin kofin ruwa, ta nuna maka lamba a ma'aunin ppm.

Abin da mitar ke aunawa a zahiri shi ne yadda ruwan ke ɗaukar lantarki, wato EC, sannan ta juya shi zuwa ppm. Wasu mitocin suna lissafa EC 1.0 a matsayin ppm 500, wasu kuma 700. Shi ya sa mita biyu za su iya ba ka lamba daban a kofi ɗaya. Lambobin da ke ƙasa na lissafin 500 ne, kuma ƙa'ida ce ta kimantawa da masu wannan noma ke bi:

- Ƙasa da ppm 150: ba ka buƙatar RO. Ajiye kuɗinka ka sayi taki mai kyau da mitar pH.
- Daga 150 zuwa 300: gwada noman tukuna. In pH na zama inda ka ajiye shi, ci gaba da abinka.
- Sama da 300: nan ne RO ke fara biyan kuɗinta, musamman ga mai latas.

Ga dalili. Latas na son ruwan takinsa ya tsaya wajen EC 1.2 zuwa 1.8, wato ppm 600 zuwa 900. In ruwanka tun daga rijiya yana da 450, ya cinye rabin gurbin ko fiye da abin da ba kai ka zaɓa ba. Tumatir ya fi juriya, domin yana ɗaukar EC 2 zuwa sama da 3.

Mitar ba ta faɗa maka mene ne a cikin ruwan, yawansa kawai take faɗi. Sauran ka haɗa da ido da harshe. Farin ɓawo a gindin butar shayi da sabulu mai ƙin kumfa alamar kalsiyam da magnesiyam ne. Zartsi a baki alamar gishiri ne. Jan tabo a bokiti ko tayil alamar ƙarfe ne. Ka kuma auna da rani da damina, domin ruwan rijiya na canzawa.

Yaya RO ke aiki?

RO taƙaitawa ce ta ribas osmosis. In ka barbaɗa gishiri a yankakken kokwamba za ka ga yana fitar da ruwa, saboda ruwa na ratsa tantani ne ya nufi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Wannan shi ne osmosis, kuma da shi saiwa ke shan ruwa. RO tana juya tafiyar ne da ƙarfin tsiya: a matsa ruwa mai gishiri ya ratsa wani siririn tantani, ruwan ya wuce, ma'adanan su tsaya a baya a zubar da su. Masana biyu a jami'ar UCLA ta Amurka, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka samar da tantani na farko mai amfani wajen 1960. Yau da wannan fasahar Saudiyya ke mayar da ruwan teku ya zama na sha. Tantani mai lafiya yana cire kashi 95 cikin 100 ko fiye na narkakkun ma'adanai.

Abubuwa biyar da za ka duba

1. Ƙarfin matsin ruwa

Wannan ne ya fi kayar da mutane a gidajenmu. Na'urar RO ta gida tana son matsi aƙalla psi 40, ta fi jin daɗi a 50 zuwa 60. Mu kuwa yawanci daga tankin sama ruwanmu ke saukowa, kuma kowace mita ɗaya ta tsayi psi 1.4 kacal take bayarwa. Tankin da ke mita 5 sama da famfonka bai wuce psi 7 ba. Ka haɗa masa RO marar inji, ɗigo ma da ƙyar za ka gani. Don haka ka nemi mai famfon bosta a jikinta. Yawancinsu da adafta mai bolt 24 suke aiki, ba sa cin wuta sosai, ƙaramar inbata ko sola na ɗaukarsu.

2. Lambar GPD

Ma'anarta galan nawa na'urar ke tacewa a rana. Galan ɗaya na Amurka lita 3.8 ne, don haka GPD 75 kusan lita 284 ke nan. Amma lissafin na awa 24 ne cur, a matsi mai kyau da ruwa mai ɗumin digiri 25. A awa ɗaya lita 12 ce. In wutar awa 4 kake samu, abin da za ka tara bai kai lita 50 ba, lokacin hunturu ma ya ƙara raguwa. Mai tankin lita 100 da ke canza ruwa duk sati biyu, GPD 75 ko 100 ta ishe shi. Mai manyan tankuna ko ƙarancin wuta ya duba GPD 400.

3. Ruwan da take zubarwa

Kowace RO tana da bututu biyu, na ruwa mai kyau da na ruwan da ya kwashe gishirin. Tsofaffin samfura kan zubar da lita 3 zuwa 4 kafin su ba ka lita 1, wasu sababbi kuma lita 1 a kan lita 1. In a hannun 'yan garuwa kake saye, yi lissafi: lita 100 mai kyau a na'ura mai zubar da uku za ta ci lita 400, jarka 16 ke nan ta lita 25. A mai zubar da ɗaya, jarka 8. Ruwan da aka zubar ɗin ka tare shi a duro don wanke tsakar gida da banɗaki, kada dai ka mayar da shi wa shukar.

4. Filtocin da ke gaban tantani

Masu sayarwa na son cika baki da mataki bakwai ko takwas, kamar yadda ake tallar waya da yawan kyamarori. Mai noman ruwa uku yake buƙata: filtar laka mai maikron 5, filtar gawayi, sai tantanin kansa. Ta gawayin ba abin wasa ba ce ga mai ruwan famfon gwamnati, domin kulorin yana cinye tantani. Matakan da ke bayan tantani yawanci don ɗanɗanon sha ne. Wanda ake kira alkalin ma ɗaga pH yake yi, abin da kake gudu ke nan, don haka ka ɗebi ruwan shuka kafin ya kai can. In bohol ɗinka na da ƙarfe, bar ruwan ya sha iska a buɗaɗɗen duro ya kwanta kafin ya shiga na'ura, in ba haka ba zai toshe ta da wuri.

5. Samun kayan canji

Filtar laka da ta gawayi ana canza su duk wata 6 zuwa 12, tantani kuma duk shekara 2 zuwa 3, gwargwadon dattin ruwanka. Zaɓi na'ura mai gidan filta na inci 10 da tantani mai lamba 1812 ko 3012, domin su ne gama-gari, kamfanoni da dama irin su Filmtec da Vontron na yin tantani a irin waɗannan girman. Mai filta ta musamman da kamfani ɗaya kaɗai ke yi kamar waya ce mai cajar da babu irinta a kasuwa.

Bayan ka haɗa ta

Zubar da ruwan farko kamar yadda takardar na'urar ta ce, sannan ka auna mai shiga da mai fita. In 400 ya shiga, 20 ya fito, ta cire kashi 95. Rubuta lambar a wayarka, ka riƙa maimaitawa duk wata. Ranar da ta sauka ƙasa da kashi 90, tantani ya fara gajiya.

Ka sani RO ba ta zaɓe, har kalsiyam da magnesiyam take kwashewa. In takinka bai ƙunshe su da yawa ba, sai ka ƙara da wanda ake sayarwa da sunan Cal-Mag, in ba haka ba bakin ganyen latas zai ƙone, gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe. Ruwan RO kuma pH ɗinsa na saurin motsi, don haka zuba taki tukuna, juya, sannan ka gyara pH da ɗigo-ɗigo.

Akwai dabarar rage kashe kuɗi: gauraya. In ruwanka 400 ne kuma ba mai zartsi ba, kashi ɗaya nasa da kashi uku na RO zai ba ka wajen 115, ka samu ɗan kalsiyam kyauta. Da damina kuma ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku yana da ƙarancin ma'adanai, yana iya hutar da na'urar na watanni.

A taƙaice

Sayi mitar TDS, auna ruwanka. In lambar ta yi ƙasa, ka huta. In ta yi sama, nemi RO mai famfon bosta, mai ƙarancin zubar da ruwa, mai filtocin da za ka samu a garinku. Sai mun haɗu a darasi na gaba.