Takardar Da Ta Ke Riga Kaya Isa Tasha

Bara waccan wata makaranta ta ƙasar waje ta yi wa kwalejinmu ta horon malamai kyautar kayan ɗakin kimiyya, watau madubin ganin ƙananan halittu, da ma'aunai, da littattafai akwati-akwati. Muka yi murna, muka aika da wasiƙar godiya. Su kuwa bayin Allah, saboda ɗokin alheri, sai suka loda kayan a jirgin ruwa ba su jira mu ba. Jirgi ya iso Ikko lafiya, amma kayanmu suka yi kusan wata uku a tasha, kullum gari ya waye ana lissafa mana kuɗin ajiya da kuɗin riƙe kwantenar kamfanin jirgi. Ɗaliban ajin ƙarshe suka yi jarrabawa suka fita, ba wanda ya taɓa ɗora ido a kan madubin nan. Ba ɓarawo ne ya cuce mu ba. Takarda ɗaya ce ba mu buɗe ba kafin jirgi ya tashi.

Na ga ya kamata in bayyana wa malamai da akawuna al'amarin takardar nan, domin a hannunsu irin wannan aiki ya kan faɗo.

A da, sai jirgi ya kusa gaɓa sa'an nan kwastan su ke sanin abin da ya ɗauko. Bayan harin da aka kai Amurka ran 11 ga Satumba, 2001, sai hukumar can ta ce ba ta yarda da haka ba. A 2002 ta kafa doka cewa a aiko mata da bayanin kaya awa 24 kafin a loda su a tashar da za su taso. A 2009 ta ɗora wa mai sayo kayan nasa bayanin dabam, wanda ya saɓa kuwa ana iya cin sa tarar dala 5,000. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sahu a 2011. Masar ta tilasta nata tsarin ran 1 ga Oktoba, 2021: mai sayo kaya ya karɓi lamba mai alƙalumma 19 tun kafin lodi, kayan da suka zo ba lambar nan ba a sauke su.

To, a Nijeriya ƙofar farko ita ce Fom M, wadda a ke cikawa ta hanyar kwamfuta, banki ya duba, kwastan su yi mata rajista. Ana bukatar lambar biyan haraji, da takardar farashi ta farko daga mai sayarwa, da inshora daga kamfani na cikin ƙasa. In kayan na cikin waɗanda a ke auna ingancinsu ne, sai an haɗa da shaidar hukumar SON. In magani ne ko abinci, ta NAFDAC. Sai fom ta sami karɓuwa sa'an nan a ke aika wa mai sayarwa lambarta, a ce masa bismilla, ya yi lodi. Bayan jirgi ya tashi, takardar lodi da jerin kaya da takardar farashi ta ƙarshe su zo banki, kwastan su fitar da rahoton da a ke kira PAAR, wanda aka shigo da shi a Disamba, 2013. Shi ke nuna ajin kayan da ƙimar da za a yanka musu haraji a kanta.

Mu inda muka yi tuntuɓe, mun ɗauka kyauta ba ta bukatar fom, tun da ba kuɗin da za mu aika waje. Ashe akwai irin wadda a ke buɗewa ko da ba a nemi kuɗin waje ba.

Amma abin da na fi so akawuna su lura da shi shi ne daidaiton magana. Kowane irin kaya na duniya yana da lambarsa a cikin jadawalin da kwastan na ƙasashe suka fara aiki da shi a 1988. Littattafai suna ƙarƙashin 4901, madubin nan namu 9011. Mu kuwa da muka zo gyara, akawunmu, yaro mai ƙwazo, ya rubuta "kayan makaranta" kawai, yana ganin ya taƙaita. Takardar lodi ta faɗi wani abu, jerin kaya ya faɗi wani, nauyi ma ya bambanta tsakanin takardu biyu. Ma'aikacin kwastan bai ga kayan ba tukuna, takardu kaɗai ke gabansa. In biyu suka saɓa, wacce zai gaskata? Sai ya mayar da su. Kowace mayarwa kuwa mako ce ko fiye, kuɗin ajiya na ta hawa. Ni da na ke faɗa wa ɗalibai kullum su sake karanta amsarsu kafin su miƙa, ni ne na sa hannu a takardar nan ban gwada ta da sauran ba.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram nasu nauyin ya fi namu, domin Nijar ba ta da bakin teku. Kayansu su kan sauka a tashar wata ƙasa, da ma Kwatano ce babbar hanya, amma da aka rufe iyaka da Benin a 2023 da yawa suka koma Lome. Akwai takardar bin sawun kaya da Faransanci ke taƙaitawa BSC, wadda hukumar CNUT ta Nijar ke kula da ita, ita ma tun daga tashar lodi a ke neman ta.

Bana makarantar nan ta sake rubuto mana za ta ƙaro littattafai. Na amsa da godiya, na roƙe su su aiko da jerin sunayen littattafan da nauyin kowane akwati, kada kuma su kai ko ɗaya bakin jirgi sai sun ga lamba daga gare mu.