Gayya da Karrama Gwanin Noma

Gayya aikin gona ne na taron dangi wanda manoman ƙasar Hausa da ƙauyukan kewayen Gombe suka gada. Mai gona yakan raba goro ya sa rana, samarin gari su fito da fartanya da garma, shi kuma ya tanadi fura da tuwo. Makaɗan gangar noma suna bin bayan samari kunya-kunya suna yi musu kirari, wanda ya riga kai ƙarshen kunya 'yan mata su rangaɗa masa guɗa. A irin wannan kiɗa Musa Ɗanƙwairo ya fara, a hannun mahaifinsa, kafin ya koma waƙar sarakuna.

Babbar karramawa ita ce sarautar Sarkin Noma. A ƙasar Maraɗi, a da, sai manomi ya tara dami 1,000 na hatsi ya yi bikin dubu, ya raba wa jama'a, sannan ya cancanci sunan.

Mutanen ƙabilar Bamana na ƙasar Mali kuwa da sassaƙa suke yabon manomi. Suna sassaƙa siffar gwanki da itace, wadda ake kira Ciwara, a ɗaura ta kan ɗan kwando a aza a ka. Biyu-biyu ake fitowa da ita wajen rawa: namiji mai dogayen ƙahoni, mace goye da ɗanta. Masu rawar sukan duƙa riƙe da sanduna, kamar masu huɗa.

A yau taraktoci da aikin ƙwadago sun rage gayya, amma sarakuna suna ci gaba da naɗa Sarkin Noma.