Amana Jari Ce, Amma Sai Da Littafin Lissafi

Kowace shekara, da zarar an kau da amfanin gona a ƙasar Ƙaraye da Rogo, sai ka ga samari suna ɗaure kaya, wannan ya nufi Ikko, wancan Fatakwal, wani kuwa Abuja. Wasu tebur suke kafawa, wasu shayi, wasu cinikin hatsi. Abin da muke so mu duba a yau shi ne, ƙaƙa baƙon da ya sauka gari da tabarma kaɗai yakan zama mai kanti, me ya sa kuma dukiyar da yawa daga cikinsu takan bi su kabari?

Ciniki ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun a ƙarni na 19 an san Zarewa da Beli da Fulatan, waɗanda ke cikin ƙasar Rogo, da manyan marinai, kuma fatake na kai baƙin zanensu nesa. Har wa yau ga Agalawa, waɗanda kakanninsu suka zo daga Azbin suka zauna a ƙauyukan Kano da Katsina. Baƙi ne, amma suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja. Daga cikinsu Alhaji Alhassan Dantata ya fito, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, ya shiga, kafin rasuwarsa a 1955 kuwa ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

To, mene ne asirin baƙo? Mu dubi unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa wa Hausawa a 1916. Can, mai shanu in ya zo daga Arewa, maigida ne ke saukar da shi, ya ciyar da shi, ya sayar wa mahauta shanun bashi, ya kuma tsaya masa in kuɗi suka maƙale. Watau jarin farko amana ce da sanayya. Amma a lura, manyan masu gida sukan ajiye malami mai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Wannan hali ba namu ne mu kaɗai ba. A Amurka akwai jama'ar da ake kira Latino, watau waɗanda asalinsu Meksiko ne ko Kyuba ko sauran ƙasashen kudu masu magana da Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62. Su ma da adashi da yawansu suke tada jari, suna kiransa tanda. Sa'ad da mutanen Kyuba suka kwararo birnin Miyami bayan juyin mulkin 1959, 'yan'uwansu ma'aikatan banki sun riƙa ba su rance ba jingina, sai don sanin halinsu tun daga gida. Kamfanin abinci na Goya ma wani baƙo ne, Prudencio Unanue, ya kafa shi a Niyok a 1936, ya kuma wuce hannun 'ya'ya da jikoki.

Duk da haka, ga inda gizo ke saƙa. An ƙiyasta sana'o'in da 'yan Latino suka mallaka sun kusa miliyan 5, amma a 2021 kamar 400,000 ne kawai ke da ma'aikata masu albashi. Sauran mutum ne shi kaɗai da guminsa. Amana takan kai mutum bakin ƙofar banki, amma banki takarda yake tambaya.

Mun ga irin wannan da idonmu. Akwai wani attajirin hatsi a ƙauyukanmu, ba ma faɗi sunansa ba, wanda ya shekara talatin yana ba da bashi, duka a ka. Ran da Allah ya yi masa cikawa, magada suka nemi masu bashi, kowa ya noƙe. Kafin shekara ta kewayo rumbuna sun zama kango, yaran gidansa kuwa sun watse. Ba ha'inci kaɗai ya jawo ba, har da rashin alƙalami. Ga shi kuwa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, umurni ne da a rubuta bashi a kafa shaidu.

Yanzu dama ta samu. Tun da aka gama madatsar ruwan Calawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ga noman rani, ga kamun kifi, ban da rake da masara na gefen Rogo. Tambaya ita ce, wa zai mallaki cinikin wannan amfani, 'ya'yanmu ko kuwa wasu?

Saboda haka muna roƙon malaman makaranta, in za ku koyar da lissafi, ku ɗauko misali daga kasuwar garinku. Yaro ya rarrabe uwar kuɗi da riba, ya iya tsaga littafi gida biyu, na shiga da na fita, ya san kuɗin cefane daban, na kanti daban. Ku kuma malaman ofis, in ɗan kasuwa ya zo neman rajista ko takardar shaida, kada ku bar shi yana jeka ka dawo, ku nuna masa hanya.

Kakanninmu sun kai goro daga Gwanja a bayan jaki. In muka haɗa amanarsu da alƙalaminmu, lalle kantin uba zai riski jika. Allah ya sa mu dace, amin.