ABINCIN GAGGAWA DA SAƁANIN SHAWARWARI KAN CIN ABINCI

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce lafiya uwar jiki, kuma babu abin da ya fi shafar lafiyar ɗan'adam a kullum kamar abin da yake sanyawa a cikinsa. A wannan babi za a yi bayani a kan abincin gaggawa, wato irin abincin da ake saye a shirye a ci nan take, da kuma shawarwari masu karo da juna da jama'a ke ji game da shi. Yau a ce ƙwai na da illa, gobe a ce babu kamarsa. Wannan ya ce a guji manja, wancan ya ce magani ne. Manufar babin ita ce ɗalibi ya fahimci dalilan wannan saɓani, ya kuma gane cewa akwai ginshiƙan da masana suka haɗu a kansu, waɗanda mutum zai iya dogaro da su wajen zaɓen abincinsa.

2.0 Ma'anar Abincin Gaggawa da Asalinsa

Abincin gaggawa shi ne duk abincin da ake tanadarwa domin sayarwa, wanda mai saye ba ya jira a dafa masa na tsawon lokaci, kuma sau da yawa yakan ci a tsaye ko ya tafi da shi. Idan aka bi wannan ma'ana, za a ga ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da daɗewa akwai masu ƙosai da koko da safe, da masu waina da ɗanwake da gurasa da rana, da masu tsire da balangu da yamma, ga kuma fura da nono a kasuwanni da tashoshin mota.

Sabon salon wannan sana'a, inda kamfani ɗaya ke buɗe rassa masu yawa da ke sayar da abinci iri ɗaya, a Amurka ya bunƙasa. A shekarar 1948 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Maurice McDonald, suka sake tsarin gidan abincinsu a jihar Kalifoniya: suka rage nau'o'in abincin da suke sayarwa, suka ba kowane ma'aikaci aiki guda da zai riƙa maimaitawa, kamar yadda ake yi a masana'anta. A Nijeriya kuwa, an buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, KFC kuma ya shigo a 2009. Haka nan taliyar nan mai saurin dahuwa, wadda Momofuku Ando ya ƙirƙiro a Japan a 1958, ta iso mana da sunan Indomie, har ta zama abokiyar ƙwai da burodi a teburin mai shayi.

3.0 Dalilan Karɓuwarsa

Domin a fahimci yadda wannan abinci ya shiga rayuwarmu, a ɗauki misalin ɗalibin da ke zaune a ɗakin kwanan makaranta. Yana da lacca da ƙarfe takwas na safe, sai ya tsaya wurin mai shayi ya sha shayi mai sukari da burodi. Da rana ya sayi fanke biyu da lemon kwalba, domin ba shi da lokacin girki. Da dare ya koma wurin mai shayi a soya masa taliya da ƙwai. Wannan ɗalibi ba kwaɗayi ne ya kai shi ba. Ƙarancin lokaci ne, da tsadar gawayi da gas, da kusancin mai sayarwa, da kuma yadda kuɗi kaɗan ke kawar da yunwa nan take. Haka abin yake ga direba da ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis. Bugu da ƙari, ga wasu matasa, cin shawarma ko soyayyar kaza a gidan abinci na zamani alama ce ta wayewa. Saboda haka duk shawarar da ta ce a daina cin abincin waje gaba ɗaya, shawara ce da mafi yawan mutane ba za su iya aiki da ita ba.

4.0 Misalan Shawarwari Masu Karo da Juna

4.1 Ƙwai

A al'adance wasu iyaye kan hana yara ƙwai bisa camfin cewa yaron da ya saba da shi zai koyi sata. A ɓangaren likitoci kuma, a 1968 Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada mutum ya wuce gwaiduwa uku a mako, saboda wani nau'in kitse da ke cikinta mai suna kwalastarol, wanda yawansa a jini ke toshe hanyoyin jini. Daga baya bincike ya nuna cewa jiki da kansa, musamman hanta, shi ke samar da mafi yawan kwalastarol ɗin da ke cikin jini, kuma a wurin mafi yawan mutane wanda ake ci a abinci ba ya ɗaga shi sosai. A 2015 hukumomin Amurka suka cire iyakar miligiram 300 a rana da suka daɗe suna gindayawa. Ga yaron da ba ya samun nama da madara, ƙwai na daga cikin abinci mafi gina jiki.

4.2 Man Shanu da Botar Masana'anta

An shafe shekaru ana gaya wa mutane su bar man shanu su koma botar da ake yi da man tsirrai. Amma domin man tsirrai ya daskare, a wancan lokaci akan sarrafa shi ta hanyar da ke haifar da wani kitse da ake kira tirans. Daga shekarun 1990 aka tabbatar cewa wannan kitse ya fi na man shanu illa ga zuciya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga ƙasashe da su kawar da shi daga abincin masana'antu, kamfanoni da dama kuma suka sauya yadda suke haɗa botarsu.

4.3 Manja

Mai cewa manja na da amfani ya faɗi gaskiya, domin jan launinsa ya samo asali ne daga sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai kare ido. Mai cewa a yi hattara da shi ma ya faɗi gaskiya, domin kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, irin wanda yawansa ke ɗaga kwalastarol. Idan kuma aka ƙona shi har ya yi fari, to an kashe amfanin, an bar kitsen.

5.0 Dalilan Saɓanin

Dalili na farko shi ne yanayin ilimin kimiyya. Masana kan ba da shawara gwargwadon hujjar da ke hannunsu, in sabuwar hujja ta bayyana su gyara. Binciken abinci kuwa yana da wuya, domin cututtuka irin su ciwon zuciya da ciwon sukari kan ɗauki shekaru kafin su bayyana, kuma ba a iya tsare dubban mutane tsawon rayuwarsu ana auna abin da suke ci.

Dalili na biyu shi ne son zuciyar 'yan kasuwa. A 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka bayyana takardun da ke nuna cewa wata gidauniya ta kamfanonin sukari a Amurka ta biya masana a Jami'ar Harvard domin wani nazari da aka buga a 1967, wanda ya sassauta laifin sukari game da ciwon zuciya, ya ɗora shi a kan kitse. Don haka yana da kyau a tambayi wane ne zai amfana da shawara kafin a karɓe ta.

Dalili na uku shi ne bambancin waɗanda ake yi wa magana. Shawarar da aka tsara domin mai ƙiba da ke wuni a kujera ba ta dace da manomin da ke wuni a gona ba, balle yaron da ke fama da tamowa. Haka kuma abin da aka hana mai ciwon ƙoda ko mai ciwon sukari ba lallai ne ya zama haramiya ga mai lafiya ba.

Dalili na huɗu shi ne yadda labari ke sauyawa daga baki zuwa baki. Masani zai ce yawan cin abu kaza a kai a kai yana ƙara haɗarin cuta, amma kafin maganar ta iso majalisar hira ta zama abu kaza yana kisa. Ta haka ake jefar da batun adadi da yawan maimaitawa, alhali a nan gizo ke saƙar.

6.0 Abubuwan da Masana Suka Haɗu a Kansu

Duk da wannan saɓani, akwai ma'aunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar, waɗanda masana suka amince da su:

(a) Gishiri: kada baligi ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa kaɗan da cikin ƙaramin cokalin shayi, domin yawansa na haddasa hawan jini. A lura cewa dunƙulen ɗanɗano da garin da ke cikin ledar taliya da yajin tsire duk gishiri ne mai yawa a cikinsu.

(b) Sukari: kada wanda ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, wato kimanin giram 50 ko ƙaramin cokali 12 ga baligi. Kwalba ɗaya ta wasu nau'o'in lemo kan ɗauki wajen cokali tara.

(c) Ganyaye da 'ya'yan itatuwa: a ci aƙalla giram 400 a rana. Zogale da rama da alayyafo da kuɓewa da gwaiba da mangwaro da gwanda duk sun shiga wannan lissafi.

(d) Hatsi da wake: a fifita wanda ba a cire masa dusa ba, kamar gero da dawa da acca, tare da wake da gyaɗa.

Akwai kuma ƙarin hujja game da abincin da masana'antu suka sarrafa ƙwarai. A 2019 Kevin Hall da abokan aikinsa a Amurka suka kwantar da mutum 20 a cibiyar bincike, kowannensu ya yi mako biyu yana cin irin wannan abinci, mako biyu kuma yana cin wanda ba a sarrafa sosai ba, kuma aka bar kowa ya ci iya son ransa. Sai aka ga a makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 a rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo ɗaya, a sauran makonnin kuma ya ragu da kusan haka.

7.0 Yadda Za a Yi Aiki da Wannan Ilimi

Idan aka koma ga ɗalibin da aka kawo misalinsa, za a ga ba sai ya ƙaurace wa masu sayar da abinci ba. Zai iya rage cokalin sukarin shayinsa, ya sauya fanke da lemo da ɗanwake ko alala ko kwaɗon zogale, ya sha ruwa. Idan zai ci taliya, ya sa a zuba rabin garin ledar, a ƙara albasa da tumatir da ƙwai. Ya kuma dubi man suya: wanda ya yi baƙi saboda yawan maimaitawa abin gudu ne, haka ma abincin da ƙuda ke sauka a kai. Soyayyar kaza da lemo sau ɗaya a wata ba ɗaya suke da na kullum ba. Wannan ya yi daidai da koyarwar Musulunci ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Wanda kuwa likita ya tabbatar yana da wata cuta, to maganar likitansa ita ce gaba da ta kowa.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa abincin gaggawa tsohon abu ne da ya sami sabon salo, kuma buƙatun rayuwa ne suka sa jama'a suka rungume shi. An kuma ga cewa saɓanin shawarwari ya samo asali ne daga ci gaban bincike, da son zuciyar 'yan kasuwa, da bambancin mutane, da gurɓatar labari. Abin lura ga ɗalibi, wanda gobe shi ne malamin da yara za su yi wa tambaya a aji, shi ne ya riƙa tambayar wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma wane adadi ake nufi. Hawan jini da ciwon sukari cututtuka ne da ake rayuwa da su ana sayen magani shekara da shekaru, shi ya sa Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani.

9.0 Jinga

1. Kawo ma'anar abincin gaggawa tare da misalai biyar na gargajiya da uku na zamani.
2. Tattauna dalilai huɗu da ke haddasa saɓanin shawarwari kan cin abinci.
3. Rubuta duk abin da ka ci cikin kwana uku, sannan ka auna shi da ma'aunan da aka kawo a sashe na 6.0.
4. Tattaro camfe-camfe uku da suka shafi abinci a yankinku, ka bayyana hikima ko illar da ke tattare da kowanne.