Yadda Mai Koyo Ke Kamun Kifi Mai Kan Ƙarfe A Rafukan Amurka

A wajen iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar, watau Supiriya, da Mishigan, da Huron, da Eri, da Ontariyo. Ruwansu na daɗi ne, amma don faɗinsu wanda ya tsaya a wannan gaɓa ba ya hango waccan. Rafuka masu yawa suna gangarowa su zuba cikinsu, a cikin rafukan nan kuwa ake kamun wani kifi da Turawa ke kira sitilhed, ma'ana mai kan ƙarfe, sabo da launin kansa da gadon bayansa.

Kifin nan baƙo ne a wurin. Asalinsa daga kogunan gaɓar tekun Fasifik yake, sai a shekarar 1876 aka fara zuba irinsa a kogin Au Sable na jihar Mishigan. A can gida yakan sauka teku ya girma. A nan kuwa tafki ya zame masa teku. Ana ƙyanƙyashe shi a rafi, ya yi shekara ɗaya ko biyu, sa'an nan ya gangara tafki ya yi ta cin ƙananan kifaye har shekara biyu ko uku. Daga nan sai ya komo rafi don yin ƙwai, nauyinsa ya kai laba 5 zuwa 10. Da yawa sukan fara hawowa tun watan Oktoba, su yi hunturu a gurabe masu zurfi, su zuba ƙwai cikin tsakuwa a watan Maris da Afrilu. Bambancinsa da kifin salmon na Fasifik shi ne ba lalle ne ya mutu bayan ya yi ƙwai ba, yana iya komawa tafki ya sake zuwa baɗi.

To, wanda ke son koyon kama shi, abin da ya fi masa sauƙi shi ne fatsa mai keken naɗe zare, irin wanda ake buɗe masa wata 'yar waya a jefa, zaren ya yi ta warwarewa da kansa. Sandar ta zama doguwa mai lanƙwasa, kamar ƙafa 9 ko 10. Tsawon nan yana da dalili biyu: yana ɗage zare daga kan ruwa, yana kuma shanye fizgar kifi don kada siririn zare ya tsinke. Babban zaren ya zama mai ɗaukar laba 8 ko 10, a ƙulla masa wani guntu mai ɗaukar laba 6, wanda ba ya ganuwa sosai cikin ruwa, kamar ƙafa biyu, a bakinsa a ɗaura ƙaramar ƙugiya lamba 8 ko 10. Sai 'yan ƙwayoyin dalma da za a matse a jikin zare, da wani ɗan abu mai yawo bisa ruwa, wanda ke aikin totuwar karan da yara ke ɗaura wa fatsa. Abincin ƙugiya kuwa, wanda aka fi sani shi ne ƙwan kifi da aka ƙulle cikin ɗan ƙyalle mai raga, girmansa kamar ƙwayar gujiya. Waɗansu sukan yi amfani da ƙugiya mai kan dalma da gashin talo-talo, su soka mata tsutsa biyu.

Kayan ke nan, ba su kuwa da wuyar samu. Amma fa tsadar kaya ba ta kama kifin nan. Masu koyo da yawa sukan yini tsaye cikin sanyi su koma gida hannu wofi, alhali kifin yana kwance gabansu, don kawai abincin da suka jefa bai bi ruwa yadda ya kamata ba.

Ga dalili. Kifin yakan kwanta kusa da ƙasan rafi, ya fuskanci inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Duk abin da ya zo da saurin da ya fi na ruwa, ko ya gitta masa a karkace, sai ya ƙyale shi. Sabo da haka sai mai fatsa ya jefa sama da inda yake zaton kifin yake, ya ɗaga sanda don zare ya bar kan ruwa, ya bar totuwar ta gangara da kanta. Ruwan sama ya fi na ƙasa gudu, don haka yana da kyau a riƙa tauye totuwar kaɗan, abincin ya riga ta isa bakin kifi. Zurfi kuma sai an auna. In totuwar tana sunkuyawa tana nutsewa a wuri guda kullum, dalma tana jan ƙasa ne, a rage tsawo. In kuwa an yi jifa biyar ba ta ko taɓa ƙasa ba, abincin yana wucewa bisa kan kifin ne, a ƙara inci shida a sake gwadawa. Abin da ake nema shi ne abincin ya wuce kamar ƙafa guda ko ƙasa da haka daga ƙasan rafi. Da zarar totuwa ta nutse, a ɗaga sanda nan take, gama kifin ba ya daɗewa da abu a baki.

Akwai kuma wata dabara ta jefa ɗan ƙarfe mai ƙyalli da ke juyawa cikin ruwa, a riƙa naɗe zare sannu sannu. Tana ci a farkon kaka, lokacin da kifin ke da kuzari. In sanyin ruwa ya kusa awo 32 na ma'aunin Farenhait, inda ruwa ke daskarewa, kifin ba ya bin kome, sai a koma ga totuwa, a kuma jira rana ta ɗaga.

Sanin ranar fita ma ilmi ne. Ruwan sama ne ke kiran kifin daga tafki, amma ba a fita ranar da rafi ya yi jawur da laka. A jira ya fara janyewa, launinsa ya koma kore-kore. Ƙananan rafukan tafkin Eri, kamar Elk da Walnut na jihar Fensilbaniya, ƙasansu dutse ne, sukan washe cikin kwana ɗaya ko biyu. Manya irin su Cattaraugus na jihar Niyu Yok sukan ɗauki mako ko fiye. A ganina mai koyo ya zaɓi rafi guda ya lizimce shi, har ya san gurabensa, da bayan manyan duwatsunsa, da wuraren da ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya. Wannan ya fi masa yawon rafi goma.

In kifin ya kamu, yakan zabura da gudu, ya yi tsalle sama da ruwa. A nan ne zare ke tsinke wa masu gaggawa. A jikin keken akwai wani maɗauri da ake sassautawa tun kafin a fara, don kifi ya iya jan zare in ya yi ƙarfi. A bar shi ya gudu, in ya tsaya a naɗe, har ya gaji a sa shi cikin koma.

Kowace jiha tana da lasisinta, da ƙa'idar yawan kifin da mutum zai tafi da shi, an kuma hana a caki kifi a jiki da gangan a jawo shi. Dokar tana da tushe, gama yawancin rafukan kudancin tafkin Eri sukan yi zafi da rani har 'ya'yan kifin ba sa rayuwa, sai hukuma ta reno su ta zuba kowace shekara. A kogin Little Manistee na Mishigan akwai shingen da ake tare iyaye a ɗebi ƙwansu don wannan aiki. Wanda zai saki kifin da ya kama, ya jiƙa hannunsa tukuna, kada ya ja shi kan tsakuwa. Gaɓa da yawa kuma gonakin mutane ne, sai an nemi izini. Wanda zai shiga ruwa da dogon wandon roba kuwa ya ɗaure shi tam da ɗamara a ƙugu, don in santsi ya kwashe shi kada wandon ya cika da ruwan sanyi, kada kuma ya ratsa wurin da bai ga ƙasansa ba.